Garke Bakwai, Kwalba Ɗaya

Ku kifa wayoyin nan a kan benci tukuna, inda idona zai riƙa ganinsu. Na san halinku, ina magana kuna ɗauka, gobe in ji muryata a bakin 'yan acaɓan Sabon Gari. Kai mai jar hula, kai ne ɗazu na ji kana cewa cikin wata uku za ka zama gwanin rubuta manhaja, ko? Wata uku! To madalla. Ni na yi wata uku a wannan sana'a ban ko taɓa jikin kwamfuta ba, ta gilashi nake leƙenta. Kun ce in ba ku labarin yadda ake ƙwarewa. Zan ba ku, amma ba irin wanda kuke so ba ne, wanda ya gaji kuma ƙofa a buɗe take.

Sunana Mamuda, a unguwar Liman Abaji aka haife ni, nan cikin Keffi. Na gama sakandare daidai lokacin da arzikin mai ya fara shigowa, gwamnati na sayen duk abin da aka nuna mata. Cikin abin da ta saya har da wata ƙatuwar kwamfuta da aka girke a Kaduna, aka ce ana neman samari masu kan lissafi. Na zauna jarrabawa na ci. Da na gaya wa Baba, sai ya ce, "Inji mai tunani? Wa ya gan shi yana yi?" Na ce Turawa. Ya ce ai shi ke nan, in je in gano masa.

Aikin farko da aka ba ni, jera sunayen ɗaliban wata jarrabawa ne, daga mai maki mafi yawa zuwa ƙasa. Yau ɗayanku zai yi wannan yana cin gyaɗa. Ni kayan aikina fensir ne, da magogi, da wata takarda mai gida-gida, gida tamanin a kowane layi, harafi ɗaya a gida ɗaya. Da harshen kwamfuta da ake kira Kobol muke rubutu. In ka gama, ka kai takardun ɗakin huda kati, inda mata ke zaune gaban injuna masu ƙara, kowane layi da ka rubuta su huda shi a kati guda. Shugabarsu Madam Ladi ce, 'yar ƙabilar Eggon daga nan ƙasarmu, ba ta kirana da komai sai ɗan Keffi. Daga nan ka ɗaure katunan da roba, ka miƙa ta wata 'yar taga zuwa ɗakin sanyi inda injin yake, ka koma ka jira. Kwana biyu in ka yi sa'a. Ranar da amsa ta dawo a doguwar takarda mai ratsin kore, sai ka tarar ɗigo ɗaya ka manta, injin ya tofo maka da aikin gaba ɗaya. Sau shida na kai wannan aiki kafin ya fita.

Ubangidana a sana'ar Oga Bitrus ne, gajeren mutum daga wajen Jos, kullum da rula a hannu. Ba ya barin takardarka ta shiga ɗakin huda sai ka zauna gabansa ka zama injin da kanka: ka ɗauki fensir, ka bi layi ɗaya bayan ɗaya, kana rubuta abin da injin zai riƙe a kowane mataki, ba tsallake, ba "ai na san wannan". Ka tsallake, rula ta sauka a tebur dab da yatsanka. Shi ya koya mini jan layi a karkace a bayan tarin kati da alƙalami mai kauri, don in sun zube ka iya mayar da su, bayan na zubar da kati ɗari uku a kan matakala na wuni ina tsinta. Maganarsa ɗaya ce safe da yamma: "Mamuda, kar ka yarda da wanda ya kawo takarda. Kar ka yarda da mai hudawa. Injin ma kar ka yarda da shi, ɗan Adam ne ya ƙera shi."

Wannan magana ta shige ni fiye da Kobol ɗin. Dama can ni ba mai saurin yarda ba ne, sai ga shi an ce zargi ne aikin. Ina ƙirga katunana kafin in miƙa, ina ƙirgawa in sun dawo. Wata rana kuwa sai zargin ya biya ni. Wata sabuwar ma'aikaciya a ɗakin Madam Ladi ta huda shafi ɗaya sau biyu, ɗalibai ashirin suka fito bibbiyu a jeri. Ni na gano. Na zauna na rubuta wasu layuka huɗu: in suna ɗaya ne, wuri ɗaya ne, lamba ɗaya ce, to maimaici ne, a riƙe na farko a zubar da sauran. Na sa musu suna rariya. Oga Bitrus ya karanta, ya gyaɗa kai, abin da bai taɓa yi mini ba. Tun daga ranar duk furogiram ɗin da na rubuta sai na saka rariyata a ciki, ko an ce ko ba a ce ba. A kanta aka ƙara mini girma, na wuce waɗanda suka riga ni zuwa, kaina ya kumbura.

Masu kawo mana aiki kuwa, Allah ya ba mu haƙuri. Manyan ma'aikata ne, su zo da takardu a buhu, ɓera ya ci gefe, ruwa ya ci gefe, su ce gobe suke so. Akwai wanda ya ja ni gefe ya tambaye ni cikin raɗa ko injin zai iya gaya masa wane ne ke kai ƙararsa wajen kwamishina. Abin da na lura da shi, mutum zai zo yana tsoron injin, amma da zarar ya ga sunansa a takarda mai ratsin kore, shi ke nan, ko ƙarya ce a ciki ta zama gaskiya. Ba mai musu da takardar nan. Ni ma da nake rubuta abin da ke fitar da ita, a hankali na daina musu da ita.

Shekarar da ta ɓaci mini, shekarar ciwon huhu ce. Cutar ta ɓulla a shanu, aka ce za a yi rigakafi kafin ta bazu, maganin kuma kaɗan ne, sai an raba shi da lissafi. Aka ce kowane malamin dabbobi ya cika takarda guda ga kowane garke: sunan mai shanu, inda yake zaune, yawan shanun. Injin zai tara ya faɗi kwalba nawa za a aika kowane wuri. Oga Bitrus ya tafi kwas Legas, aikin ya faɗo hannuna ni kaɗai. Da yake ni ɗan Keffi ne, aka ce in je in karɓo takardun wannan yanki da kaina.

Malamin dabbobin da ke riƙe da rugagen kudancin gari Malam Iro ne, mutumin Tudun Ƙofa, sa'an Babana. Ya fi shekara ashirin yana bin rugage a kan keke, yana jin Fulatanci kamar a ruga aka yaye shi. Fulani ba sa son ma'aikacin gwamnati ya san dukiyarsu. An ce an soke jangali, amma ba su yarda ba, suna ganin dabara ce. Malam Iro kaɗai suke bari ya shiga cikin shanu. Ranar da na je karɓar takardun, ya riƙe jakar a hannu bai sake ta nan da nan ba.

Ya ce, "Mamuda, injin nan naku, abin da ya gani wa yake gaya wa?"

Na ce, "Ba kowa, Baba. Kwalabe kawai zai ƙirga."

"Ka tabbata? Don na rantse wa mutanen nan cewa wannan takarda ta magani ce kawai. Arɗo Jaɓɓi sai da na yi zuwa uku kafin ya yarda."

Na ce ya kwantar da hankalinsa. A raina kuwa cewa nake, wannan riƙe jaka haka, me tsohon nan yake ɓoyewa?

Na koma Kaduna, aka huda, na rubuta furogiram, na saka rariyata kamar kullum. Karo biyu kawai ya fita tsaf. Na sa hannu, aka aika wa masu rabon magani.

Ranar allurar ba na nan, direban da ya kai maganin ne ya ba ni labari daga baya. Maganin a cikin ƙanƙara yake zuwa, ba ya jira, don haka ana sa rana tun da wuri, a tara shanu kafin mota ta iso. Arɗo Jaɓɓi ya tara nasa tun da hantsi, fili ya cika da ƙaho. Mota ta iso, Malam Iro ya buɗe akwati, ya tarar da kwalba ɗaya tak da sunan Arɗo a jiki. Ya zazzage ƙanƙarar a ƙasa yana nema. Babu. Ya roƙi Arɗo a fara da garke ɗaya kafin a kawo saura. Arɗo ya ce, "Cikin 'ya'yana wanne zan zaɓa?" Sannan ya dube shi a gaban jama'a ya ce, "Iro, ka ƙirga mu ka kai wa gwamnati, maganin kuma ka sayar." Ya sa aka kora shanun. Ko saniya ɗaya ba a yi wa ba, kwalbar ma ta lalace a rana.

Malam Iro ya kai kuka ofis cewa an tauye masa magani. Likitan dabbobin da ke shugabancin ofishin sabon zuwa ne, matashi, baƙo a ƙasar nan. Ya aiko Kaduna yana tambaya. Ni kuwa da na ji, ban ko leƙa furogiram ɗina ba. Kai tsaye ɗakin huda na nufa.

Na ce, "Madam, yaranki sun tsallake takardun Keffi."

Ta cire tabarau ta dube ni. "Ɗan Keffi, ka iya bakinka. Ni na huda su da hannuna."

Ta jawo tire, ta zaro katunan Arɗo Jaɓɓi ta shimfiɗa a tebur, ta ɗauko takardun asali ta jera a gefensu. Takarda bakwai, kati bakwai. Na duba takardun. Arɗo Jaɓɓi, wuri kaza, shanu hamsin. Ta biyu, Arɗo Jaɓɓi, wuri kaza, shanu hamsin. Har bakwai, rubutun hannu ɗaya, ba bambancin ko ɗigo. Rariyata ta riƙe ɗaya ta zubar da shida.

Wallahi murna na yi. Ku ji da kyau, murna. Na ce ashe abin da tsohon nan ke ɓoyewa ke nan, ya cika takarda ɗaya sau bakwai don a ba shi kwalba bakwai, ya yi aiki da ɗaya ya sayar da shida, rariyata ta kama shi. Madam Ladi ta ce, "Kafin ka rubuta komai, ka tambayi mutumin?" Na ce me zan tambaya, ga hujja a tebur. Ta mayar da tabaranta ta ce ita dai bakwai aka kawo mata.

Aka kira zama a ofishin Keffi. Likita na zaune, ni ina gefensa da doguwar takardata, Malam Iro na tsaye, hularsa ta jiƙe da gumi don daga ruga yake. Na jera takardun bakwai na yi bayani, har da nuni da fensir.

Likita ya ce, "Malam Iro, me za ka ce?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, garke bakwai ne. Na Arɗo da na 'ya'yansa shida."

"To me ya sa suna ɗaya?"

"Sunan da suka ba ni ke nan."

"Kuma duka hamsin-hamsin? Shanun tare suke haihuwa tare suke mutuwa?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba na tambayar Bafulatani yawan shanunsa. Ranar da na tambaya, ranar zan daina shiga ruga. Ina duba garke da ido, in na ga kwalba ɗaya za ta ishe shi, in rubuta hamsin, don abin da kwalba ke ɗauka ke nan."

Na yi dariya. A gaban sa'an ubana na yi dariya, likita ma ya taya ni. Likita ya ce to ya kawo sunayen 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya da ainihin yawan shanun kowa, a tura mutum ya ƙirga. Malam Iro ya ce wannan kam ba zai iya ba, ya yi rantsuwa. Aka ce Arɗo ya zo ya ba da shaida. Ya ce Arɗo ba zai taka ofis ba, balle yanzu. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Mamuda, kai ɗan garin nan ne." Na ce, "Baba, injin ba ya son kai." A ranar aka dakatar da shi, aka ce za a yi bincike a kan sayar da maganin gwamnati.

Kun san Keffi. Kafin la'asar magana ta zaga kasuwa. Mutumin da ake ba wa wuri a sahun gaba, aka koma ana nuna shi da baki. Fulani na cewa ya sayar da su, 'yan gari na cewa ya sayar da magani. Ni kuwa ina yawo da sabon takalmi.

Kwana biyu bayan zaman, ina gida da rana, Inna na dama mini fura da ruwa tana mita. Ta ce nono ya yi wuya, matan gidan Arɗo Jaɓɓi sun ɗauke ƙafa tun ranar da aka yi rigimar allura. Ba ta san hannuna na ciki ba, an dai ce mata inji ne.

Ta ce, "Da a ce matar Dikko ce kaɗai ba ta zo ba, sai in ce fushi ne, dama ita haka take. To matar Sambo fa? Matar Yero fa? Ta Pate ma da ba ta fashi."

Na ajiye ludayi. Na ce, "Inna, su waye waɗannan?"

"Surukan Arɗo mana. Akwai matar Buba, da amaryar autansu Ja'e. Shida ne, kowace nonon garken mijinta take kawowa, ni da ɗanɗano ma nake gane na wace ce."

"Kowanne da garkensa?"

"Yo da fa? Maza da iyali."

Na ce, "To in garkensu ne, me zai sa su ba da sunan Arɗo?"

Ta dube ni kamar na yi saɓo. Ta ce, "Ubansu na raye za su buɗe baki su ce wa baƙo shanuna? Kai Mamuda, Kaduna ta cinye maka hankali ne? Yayanka shekara nawa yana noma gonar bakin rafi, ka taɓa jin ya ce gonata?"

Ban taɓa ji ba. Gonar Baba ake cewa, har yau da Baban ya daɗe a ƙasa. Abin da na sani ne tun ina yawo ba wando, amma da na gan shi a gida-gidan takarda ban gane shi ba. Sauran malaman dabbobi suna tsare Fulani da tambaya, a faɗa musu ƙarya kala-kala su rubuta, ƙaryar ta wuce rariyata lafiya lau don ba ta yi kama da juna ba. Mutum ɗaya da ya mutunta mutanen, shi na tace na zubar.

Daga ƙofar gidanmu zuwa Tudun Ƙofa ba ta kai tafiyar da fura za ta huce ba. Da na tashi a lokacin na je na faɗa wa Malam Iro, na wuce ofis na faɗa wa likita, da labarin ya zama wani daban. Ban je ba. Na ce wa kaina ai ma'aikacin kirki ba ya magana sai ya tabbatar, sai na koma Kaduna na cire rariyar na sake gwadawa. Tabbatar da me? Bakwai sau ɗaya, yaron firamare ya sani. Kunya ce da tsoro, ba wani abu ba. Ina tsoron a ce rariyar da aka ƙara mini girma a kanta ita ta yi ɓarna.

Na isa Kaduna na tarar injin ya lalace, ana jiran injiniya daga Legas. Na ji daɗin hakan ma, Allah ya yafe mini. Sati biyu da kwana uku ina zuwa ofis ina feƙe fensir. Da aka gyara, na zare kati huɗun nan na miƙa sauran ta taga. Amsa ta dawo: Arɗo Jaɓɓi, kwalba bakwai. Akwai wasu rugage uku ma a hannun Malam Iro da aka tauye, ban ko lura da su ba.

A satin Oga Bitrus ya dawo. Na kai masa takardun biyu, tsohuwa da sabuwa, na faɗa masa komai, har da dariyar. Ya karanta a tsanake. Bai buga rula ba.

Ya ce, "Kafin ka saka rariyar a wannan aiki, wa ka tambaya yadda ake cika takardun?"

Na ce ba kowa.

"Yaushe ka gane?"

Na faɗa masa. Ya ƙirga kwanakin da yatsu, ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Kuskuren farko na sana'a ne, kowa na yi, ni ma na gyaɗa maka kai a kansa. Na biyun naka ne kai kaɗai." Ya sa na zauna na rubuta wasiƙa da hannuna cewa laifin daga furogiram ɗina ne, Malam Iro gaskiya ya faɗa, na sa hannu, shi ma ya sa. Ya ce ba za a aika ta gidan waya ba, ni zan kai.

Na yi shekaru masu yawa bayan wannan a sana'ar. Kati ya wuce, allo ya zo, na koyi harsuna har na daina ƙirgawa, na koyar da waɗanda suka zo suka fi ni. Amma ban ƙara rubuta layin da zai zubar da bayanin wani ba. In na ga abin da ban yarda da shi ba, sai in sa a ware shi gefe a buga, in ɗauka in je har inda wanda ya cika takardar yake, in zauna in tambaye shi. Abokan aiki suna ce mini mai jinkiri. Ku ma na ga kuna taɓa juna, ku taɓa.

Na kai wa likita wasiƙar. Ya karanta ya yi tsaki, ya ce a buga takardar mayar da Malam Iro bakin aiki, za a nemo magani. Na karɓi takardar, na haɗa da wasiƙata na nufi Tudun Ƙofa. Na same shi a zaure yana liƙe tayar kekensa. Ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar ba komai, har ya tambayi Inna. Na miƙa masa takardun biyu, na ce, "Baba, ni ne. Ba injin ba ne, ni ne na rubuta abin da ya zubar da takardunka." Ya goge hannu a riga, ya karanta sau biyu.

Ya ce, "Wannan ta ofis ce. Ta Arɗo fa?"

Na ce duk abin da ya ce in yi zan yi.

"Gobe in an yi sallar asuba ka zo. Da bakinka za ka gaya masa, ni in fassara."

Na ari keken yayana muka kama hanya. Tun da aka dakatar da shi bai taka wajen ba. Yana gaba ina baya, muka bar titi muka bi burtali, rana ta ɗaga kafin mu kai. Tun daga nesa na ga ya rage gudu. Ba haushin kare, ba hayaƙi. Da muka iso sai ƙwarangwal ɗin bukkoki da toka mai sanyi a murhu. Wani manomi Bagwandare da ke gyaran gona a kusa ya zo ya gaishe mu. Ya ce ai sun tashi, yau kwana goma ke nan, sun yi kudu, ba su faɗa wa kowa inda za su ba. Ya ce shanun sun fara tari kafin su tafi, ya nuna mana inda aka binne waɗanda suka faɗi, ƙasar ba ta gama kwanciya ba.

Kwana goma. A lokacin ina Kaduna ina feƙe fensir.

Malam Iro ya jingine keke a jikin wata ɗorawa ya shiga filin yana duba ƙasa. Can ya yafito ni. Inda garke ya daɗe yana kwana, ƙasar takan yi baƙi da kashin shanu, ta zama da'ira, ga ramukan turaka a gefe. Ya tsaya a bakin ta farko.

Ya ce, "Ƙirga. Da ƙarfi, in ji."

Na ce ɗaya. Muka taka zuwa ta gaba, na ce biyu. Haka ya bi da ni filin nan kaf, yana tsayawa ina faɗa, manomin na kallonmu. A ta bakwai na faɗa ƙasa-ƙasa, ya ce bai ji ba, na sake faɗa.

Ya ce, "Wannan ta Ja'e ce. Bara ya yi aure, ni na yi wa 'yan maruƙansa tsagar shaida a kunne."

Ya sa hannu a aljihu ya zaro takardar mayar da shi aiki, ya ninke ta yadda take, ya miƙo mini.

Na ce, "Baba, taka ce."

Ya ce, "Riƙe. Wanda zan nuna wa ya tafi."

Bai koma aikin ba, Arɗo Jaɓɓi kuma ba a sake jin ɗuriyarsa a ƙasar Keffi ba. Muka juyo a ranar, yana gaba yana tura kekensa ina biye da nawa, bai hau ba har muka shigo gari.